Munduwar Ƙyalle Ga Yarinyar Da Za Ta Fara Makaranta

Tambaya: Malama, ina da yarinya 'yar shekara 4, za mu sa ta a nazare idan an dawo daga dogon hutu a watan Satumba. Ba ta taɓa wuni ba tare da ni ba, ko gidan kakarta na kai ta sai ta riƙe bakin zanina tana kuka. Maƙwabciyata ta ce in ɗinka mata munduwa ta ƙyalle, ni ma in sa irinta, wai hakan yana kwantar wa yaro hankali. Shin da gaske yana aiki? Yaya ake ɗinka ta? Kuma ba za ta zama kamar laya ba?

Amsa: Ƙanwata, Allah ya raya ta, ya ba ta ilimi mai amfani, ya kuma sanyaya miki zuciya. Na daɗe ina riƙe ajin 'yan nazare, ɗinki kuwa tun ina budurwa nake yin sa, don haka tambayarki ta faɗo a kan abubuwa biyun da na fi sani. Maƙwabciyarki ta ba ki shawara mai kyau. Na ga yara da dama da ɗan ƙyallen uwarsu ya sauƙaƙa musu makon farko, sai dai ba a kowane hali yake aiki ba, kuma ba kowace irin munduwa zan yarda a sa wa ƙaramin yaro ba. Abin da ke sa ta yi amfani shi ne alkawarin da kika ɗora mata, wato cewa za ki tafi kuma za ki dawo, sannan ki cika shi kullum. Idan an karya alkawarin, ƙyallen ya zama tsumma kawai a hannunta.

Ki fara da sanin cewa ƙulafucin da take yi miki ba rashin tarbiyya ba ne, kuma ba sangarta ba ce kamar yadda wasu dangi za su riƙa faɗa miki. Ƙiwa takan fara bayyana a wajen jariri tun yana kamar wata 8, ta yi ƙarfi bayan ya cika shekara, sannan ta riƙa raguwa a hankali, amma duk lokacin da aka kai yaro baƙon wuri tana iya dawowa, ko da ya kai shekara 5 ko 6. Yarinya 'yar shekara 4 ba ta san tsawon awa 5 ba. Idan ta ga kin juya baya kin fita ƙofar makaranta, abin da ta sani shi ne kin tafi, kuma ba ta da abin da za ta riƙe ya tabbatar mata cewa kina nan a wani wuri kina tunaninta. Wani likitan yara ɗan ƙasar Ingila mai suna Donald Winnicott, wanda ya yi kusan shekara 40 yana duba yara a wani asibiti a Landan, ya wallafa bayani a kan wannan a 1953. Ya lura cewa yara kan zaɓi wani abu mai laushi, bargo ko ƙyalle ko 'yar tsana, su maƙale masa lokacin barci ko lokacin da uwa ba ta kusa, domin abin yana tsaya musu a matsayin gada tsakanin jikin uwa da sauran duniya. Mu kuwa ba mu jira likita ya gaya mana ba. Kowace uwa ta san yaron da ba ya barci sai ya kama gefen majanyinsa yana murzawa, kuma kakanni sun san cewa yaron da aka kawo musu yaye ya fi saurin yin shiru idan aka lulluɓe shi da zanen da aka saba goya shi da shi. Munduwar da kike son ɗinkawa wannan zanen goyon ne, an rage shi ya zama daidai wuyan hannu yadda za a iya shiga da shi aji.

Saboda haka zaɓen ƙyallen ya fi ɗinkin muhimmanci, kuma a nan ne iyaye da yawa suke kuskure. Uwa takan ce tunda abin makaranta ne bari ta je Kantin Kwari ta yanko sabuwar atamfa mai kyau, ta ɗinka abin da za a gani a yaba. Sabuwar atamfa ba ta san yarinyar ba, yarinyar ma ba ta san ta ba. Ga ta da tauri saboda sitaci, ga warin shago. Ki buɗe akwatinki ki ɗauko zanen da kika fi ɗaurawa a gida, wanda wanki ya tausasa shi har launinsa ya fara kodewa, ko majanyinta idan har yanzu yana nan, ko tsohon ɗankwalinki. Ya fi kyau ki shimfiɗa mata biyu ko uku ki ce ta nuna wanda take so. Sau da yawa yaro zai wuce mai kyan ya ɗauki wanda ke kina shirin mayar da shi tsumman goge-goge, kuma zaɓinsa shi ne daidai, domin shi ya san wanda ya kwanta a kai lokacin da yake zazzaɓi.

Ya kasance na auduga ne. Leshi yana kartar fata, yadin roba yana riƙe gumi ya jawo ƙurajen zafi, mayafai masu ƙyalƙyali kuma abin da aka manna musu yana ɓantarewa. Idan zanen rinin baba ne, irin wanda ake yi a marinar Ƙofar Mata, ki tabbata ya sha wanki har ya daina zuba, in ba haka ba gumi zai sa shunin ya hau fatarta da farar rigar makarantarta. Game da ƙamshi, yaro yana gane warin jikin uwarsa tun yana jariri, don haka bayan kin gama ɗinkin ki kwana da munduwar a jikinki ko ƙarƙashin matashinki dare biyu. Wannan ya wadatar. Idan kin saba turara kayanki da turaren wuta, ɗan hayaki kaɗan ba laifi, amma kada ki zuba mata humra ko turare mai maiƙo kai tsaye, domin za ta riƙa kai hannun baki da ido, kuma a cikin aji ba a rasa yaro mai asma da ƙamshi mai ƙarfi ke tayar wa ciwo.

Yanzu maganar da ba na sassautawa a kanta, wato lafiyarta. Kada ki yi mata sarƙa ko wani abu da za a rataya a wuya. Yaran nazare suna hawa lilo, suna ratsa ƙarƙashin benci, suna jan juna, kuma malama ɗaya ba za ta iya sa ido a kan wuyan kowa ba. A watan Disamba na 2018 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta gargaɗi iyaye game da sarƙoƙi da mundayen da ake sa wa ƙananan yara don rage raɗaɗin fitar haƙori, bayan an kai mata rahoton yaro ɗan wata 18 da sarƙarsa ta shaƙe shi yana barcin rana har ya rasu, da kuma wani jariri ɗan wata 7 da ya ƙware da dutsen munduwa. Haka nan kada ki jera mata duwatsu, murjani, maɓallai ko wuri. Yaron da yake cikin damuwa tsotsa da taunawa yake yi, kuma abin da ya fi kusa da bakinsa shi ne abin da ke hannunsa. Masu gwada kayan wasan yara a Amurka suna amfani da wani ɗan bututu mai faɗin milimita 31.7, wato kusan inci 1 da kwata. Duk abin da ya shige cikinsa gaba ɗaya ana ɗaukarsa haɗari ga yaron da bai kai shekara 3 ba. 'Yarki ta wuce 3, amma a ajinta ko a gidanki akwai ƙanana, kuma na sha ciro ƙananan abubuwa daga bakin 'yan shekara 4, wani lokaci ma daga hanci ko kunne sai an je asibiti. Ƙarafan ado masu arha su ma ki bar su. Wasu suna sa fata ƙaiƙayi da kumburi, wasu kuma ana samun dalma a cikinsu. A 2006 wani yaro ɗan shekara 4 ya rasu a jihar Minnesota bayan ya haɗiye ɗan ƙarfen ado na munduwa wanda kusan duk dalma ne. Mu da muka ga abin da gubar dalma ta yi wa yaran ƙauyukan Zamfara a 2010 ba ma buƙatar dogon bayani a kan wannan guba. Fil ma kada ya shiga cikin aikin. Ƙyalle da zare da ɗan abin mannewa, su ke nan.

Ga yadda nake ɗinka mafi sauƙinta, kuma ko ba ki da keke allura da zare sun isa. Ki auna wuyan hannunta da tef ɗin awo, ko ki zagaya da zare ki gwada shi a kan rula. Mu ɗauka kin samu inci 5 da rabi. Ki ƙara inci 2 a kai: rabin inci domin ta sake, inci 1 domin baki ya hau kan baki wajen rufewa, sauran rabin kuma na kalmasa ƙarshen biyu ne. Ke nan tsawon ƙyallen inci 7 da rabi. Faɗinsa ya zama inci 2 da rabi. Ki kalmashe gajerun bakunan biyu ciki da kwatan inci ki goge. Sannan ki ninka ƙyallen biyu ta tsawonsa, ki danna da dutsen guga har layi ya fito a tsakiya, ki buɗe, ki kawo dogayen bakunan biyu su haɗu a kan wannan layin, ki sake gogewa, ki ninke shi a kan layin tsakiyar. Yanzu kina da ɗan maɗauri mai ninki 4, faɗinsa ya ɗan haura rabin inci, kuma babu wani baki a waje da zai riƙa zarewa. Ki bi gefensa da ɗinki duk zagaye, kusa da baki. Idan da hannu kike yi, ki yi ƙananan ɗinki masu komawa baya, ki ɓoye ƙullin zaren a cikin ninki don kada ya riƙa gogar fatarta.

Wajen rufewa na fi son abin mannewar nan da ake sa wa takalman yara, wanda ake kira Velcro, kuma masu sayar da kayan tela suna da shi. Ki yanki inci 1, ki rage masa faɗi daidai munduwar, ki zagaye kusurwoyinsa da almakashi domin suna da kaifi. Ɓangaren mai kaushi ki ɗinka shi a saman ƙarshe ɗaya yana kallon waje, mai laushin kuma a ƙasan ɗaya ƙarshen yana kallon fata, ta yadda ko bai hau daidai ba mai laushin ne zai taɓa ta. Dalilin da ya sa na zaɓe shi biyu ne: idan munduwar ta maƙale a ƙusa ko wani yaro ya ja, za ta buɗe da kanta, kuma yarinyar za ta iya cirewa ta mayar ba tare da ta nemi kowa ba. Wannan na biyun ba ƙaramin abu ba ne ga yaron da yake jin komai na wannan sabon wuri ya fi ƙarfinsa. Kada ki ɗaure mata da ƙulli. Idan kin ga dama ki zura roba maimakon haka, irin yadda ake yi wa abin ɗaure gashi, to ki tabbata yatsanki yana shiga tsakanin munduwar da fatarta cikin sauƙi, kuma da yamma ki duba ko ta bar shaida. In ta bari, ta matse, a sake wata.

Akwai wata da na fi ƙauna, ko da yake ta fi cin lokaci, ita ce ta tufka. Ana yin siraran maɗaurai 3 kamar yadda na bayyana, amma kowanne daga ƙyalle mai faɗin inci 1 da rabi, tsawonsa kuma ya kai kamar inci 10 domin tufka tana cin tsawo. Ɗaya daga zaninki, ɗaya daga tsohuwar rigar babanta, ɗaya daga kayanta ko na kakarta. A haɗa kawunansu a ɗinke, a kitsa su kamar yadda kike yi mata kalaba, idan an kai tsawon da ake so a yanke rarar, a rufe kowane ƙarshe da ɗan ƙyalle inda za a ɗinka abin mannewar. Na taɓa samun wata yarinya da aka yi wa irin wannan. Da safe bayan an ajiye ta takan zauna a ƙarshen tabarma ba ta kula kowa, sai ta bi tufkar da ɗan yatsa tana motsa baki. Wata rana na durƙusa kusa da ita na ji abin da take cewa: wannan Umma, wannan Abba, wannan ni. Takan yi haka sau uku ko huɗu, ta ja ajiyar zuciya, sannan ta tashi ta shiga cikin yara. Ban taɓa katse ta ba, kuma kafin a yi hutun rabin zango ta daina da kanta.

Ki yi aikin tare da ita, tana zaune a gefenki. Ta riƙe miki tef, ta zaɓi launin zare, ta ga lokacin da kika yanki zanin da ta sani. Ki ɗinka naki daga wannan ƙyallen a zama ɗaya, ta sa miki da hannunta. Kuma tun a ranar ki ɗinka aƙalla 3 nata, iri ɗaya, ki riƙa musanya su domin su tsufa tare. Za ta ɓace, wannan tabbas ne. Ko ta faɗi a wajen wasa, ko wata ta karɓe, ko ta jiƙe a bakin famfo. Idan ɗaya ce tak, ranar da ta ɓace kukan zai fi na ranar farko. Ki gaya mata gaskiya cewa akwai wasu a gida, don ta san ba a kan ƙyalle ɗaya zancen ya rataya ba.

Sai tambayarki ta ƙarshe, wadda na ji daɗin da kika yi ta, domin iyaye da yawa suna jin wannan a ransu su yi shiru. Laya da kambu da guru abubuwa ne da ake ɗaurawa da nufin tsari, a yi rubutu ko a naɗe wani haɗi a ciki, a yi imani cewa za su kare mai su daga wani sharri. Munduwar nan babu komai a cikinta, kuma ba a ce tana kare kowa daga komai ba. Matsayinta kamar na ɗankwalin da uwa ta bar wa 'yarta za ta tafi gidan miji, ko hoton iyali da matafiyi ke ajiyewa a jaka: abin tunawa ne. Inda za a iya zamewa shi ne a bakinki. Kada ki ce mata in tana sanye da ita babu abin da zai same ta, ko ba wanda zai dake ta, ko aljani ba zai zo ba. Ban da matsalar aƙida, wannan magana ƙarya ce da yarinyar za ta gane ranar da ta faɗi ta kurje gwiwa tana sanye da munduwar. Ki ce mata: wannan zanina ne, idan kin tuna da ni ki taɓa shi, ni ma nawa yana hannuna ina tuna ki. Tsari kuwa ki nema mata a wurin Allah, ki yi mata addu'a da safe tana ji, ki koya mata addu'ar fita daga gida kuna faɗa tare a bakin ƙofa. Ina ba da shawarar a ɗinka ta shimfiɗe ba tare da aljihu ko kumburi ba, domin duk wanda ya gani ya san ƙyalle ne kawai, kada surukai ko malaman Islamiyya su yi mata wata fassara. Ki kuma sanar da babanta tun kafin ki fara. Idan har yanzu zuciyarki ba ta natsu ba, ki nuna wa malamin da kika amince da iliminsa, ki faɗa masa niyyarki kamar yadda take.

Kafin ranar farko ki je ki ga malamar ajin. Makarantu da yawa ba sa barin a sa kayan ado a kan kayan makaranta, kuma suna da hujja, domin ado yana jawo rigima da ƙwace tsakanin yara. Ki nuna mata munduwar, ki bayyana mata dalili, ki roƙe ta kada ta cire mata a gaban yara. Yawancin malaman nazare za su yarda, domin mu ma mun fi son abin da zai rage kuka. Idan dokar makarantar ta hana, kada ki ja da su, akwai hanya. Ki yanki ƙyallen murabba'i, inci 2 kowane gefe, ki kalmashe bakinsa, ki ɗinke shi a cikin aljihun rigarta, ko ta cikin hijabinta daidai inda hannunta ke kaiwa a ƙirji. Ba wanda zai gani, ita kuwa ta san yana nan. Wannan ita ce hanyar da nake ba iyayen yara maza, tunda a wurinmu ba a sa wa namiji munduwa kuma abokansa za su yi masa dariya. Akwai wani yaro da na daɗe ina mamakin yadda yake tsayawa a layin safe hannunsa ɗaya cikin aljihun wando, sai da mahaifiyarsa ta gaya mini cewa ta ɗinka masa guntun ɗankwalinta a ciki. Daga ranar na daina ce masa ya fito da hannunsa.

Kada ki bari sai safiyar makaranta ki sa mata a karon farko, domin za ta haɗa munduwar da ranar da aka rabu da ita. Ki fara mako 2 kafin a koma. Ki sa mata, ki sa taki, ki bar ta wurin kakarta ko maƙwabciyar da ta saba da ita na rabin awa, ki gaya mata za ki dawo kafin a kira sallar La'asar, ki kuma dawo kafin a kira. Washegari ki ƙara lokacin. Idan kin dawo ki nuna mata hannunki ki ce kin taɓa taki kin tuna ta. Ta haka take koyon abin da munduwar ke nufi, domin da farko ba ta nufin komai. Ki riƙa auna mata lokaci da abin da ta sani, kamar kiran salla ko cin abinci, ba da ƙarfe kaza ba. Idan da hali ki bi da ita ta ƙofar makarantar sau ɗaya ko biyu, ta ga ginin, ta ga inda za ki tsaya ki jira ta.

A ranar kuwa, sallamar ta zama gajera kuma iri ɗaya kullum. Ki durƙusa daidai tsawonta, ku haɗa mundayenku, ki faɗa mata lokacin dawowarki, ki yi mata addu'a, ki miƙa hannunta ga malama, ki tafi. Za ta iya yin kuka, kuma kukan ba ya nufin dabarar ta gaza. Abu biyu ne nake roƙon iyaye su bari. Na farko shi ne sulalewa, wato a bari sai hankalin yaro ya tafi kan wani abu a zame jiki a gudu. Uwa tana ganin ta huta da kuka, amma ni da aka bar wa yaron na san abin da ke biyo baya: ya waiga ya nemi uwarsa ya rasa, kuma gobe ba zai yarda ya saki zaninta ko na ƙiftawar ido ba, domin ya koyi cewa ana ɓace masa idan ya yi sakaci. Na biyu shi ne tafiya a dawo, a leƙa ta taga, a sake rungumewa. Duk dawowa sabuwar rabuwa ce. Yawancin yara suna yin shiru ba da daɗewa ba bayan uwa ta fita, kuma kina iya roƙon malama ta sanar da ke yadda ta kasance zuwa lokacin tara. Ki kuma kula da fuskarki, domin yarinya tana karanta ta fiye da yadda take sauraron maganarki. Idan hawaye za su zo miki, ki riƙe su har ki fita ƙofa.

Lokacin tashi ya fi lokacin kaiwa nauyi. A makon farko ki isa kafin a buga ƙararrawa. Ban san abin da ya fi karya zuciya ba kamar yaron da aka ɗebe duk 'yan ajinsu ya rage shi kaɗai a baranda yana kallon ƙofa, kuma rana ɗaya irin wannan tana iya rushe aikin mako biyu. Idan ba ke za ki ɗauko ta ba, ki gaya mata tun da safe wanda zai zo, kada ki ce ke ce don ta yi shiru. Wannan ya shafi duk wanda ke riƙon yaro, ko kaka ce ko gwaggo ko matar uba: ƙyallen ya fito daga kayan wanda yaron zai tarar idan ya koma gida. Idan uwar ta rasu ko aure ya rabu ana iya haɗa nata a cikin tufkar don tunawa, amma kada a ce wa yaro za ta zo ɗaukarsa alhali ba za ta zo ba.

Kada a taɓa ƙwace munduwar a matsayin horo, kada kuma a ce in ba ta daina kuka ba za a cire. Ki gargaɗi yayyenta kada su tsokane ta a kai. Ki riƙa cire mata da dare, ki wanke ta kwana biyu-biyu da sabulun da kike wanke kayanta, ta bushe sarai kafin a mayar, domin jiƙaƙƙen ƙyalle a kan fata yana kawo ƙaiƙayi. Ki koya mata ta ɗan tura ta sama idan za ta wanke hannu. Kada ta riƙa ba ƙawaye aro, saboda makero da ƙazuwa suna yawo a tsakanin yara ta hanyar tufafi. Idan kin ga ja ko ƙuraje a wurin, ki cire ki koma ga ƙyallen cikin aljihu.

Akwai inda ƙyalle ba ya kaiwa, kuma ya kamata ki san iyakarsa. Yawancin yara suna sakin jiki cikin mako 2 ko 3, ko da yake kukan yana iya dawowa ranar Litinin ko bayan hutu ko rashin lafiya. Idan an wuce mako 4 abin yana ƙaruwa maimakon raguwa, tana wuni tana kuka, ta daina cin abinci, tana kukan ciwon ciki ko amai kowace safiya amma ranar Asabar lafiyarta ƙalau, ta koma fitsarin kwance bayan ta daina, ko tana firgita cikin barci, to ki zauna da malamarta, sannan ki kai ta wurin likitan yara. Haka nan idan tana surutu a gida amma aka ce miki wata guda ya wuce ba ta taɓa buɗe baki a makaranta ba. Ki kuma bambanta tsoron rabuwa da ke da tsoron wani abu da ke can. Yarinyar da ta fara sakewa sannan kwatsam ta ƙi zuwa, ko take maƙalewa idan ta ga wani mutum, ko kika ga shaida a jikinta, ba lallashi take buƙata ba, bincike take buƙata. Ki tambaye ta a natse lokacin wanka ko kwanciya, ba tare da kin sa mata magana a baki ba, ki je makarantar ba tare da sanarwa ba, ki ga yadda ake mu'amala da yara. Babu dalilin da zai sa a ɗaga wa 'yar shekara 4 bulala, kuma bai dace a yi amfani da zanen uwarta a sa ta haƙura da wurin da ake cutar da ita ba.

Idan komai ya tafi daidai, wata safiya za ku fita ki lura hannunta babu komai, ta bar munduwar a kan katifa ko a banɗaki. Kada ki tuna mata, kada kuma ki yi ta yabonta a kan ta girma, domin hakan yana iya sa ta ji kunyar neman ta ranar da ta sake buƙata. Ki ɗauka ki wanke, ki sa a ƙaramin aljihun jakarta, ki gaya mata sau ɗaya cewa tana nan. Taki kuma ki ci gaba da sawa har ƙarshen zangon, domin takan duba hannunki idan kin zo ɗaukarta ko da ita ta daina sa tata.